Yadda Ake Gano Nisan Tafiyar Jirgin Sama Daga Kano Zuwa Jidda

Duk lokacin da aka fara jigilar alhazai daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, tambayar da maniyyata da masu rakiyarsu suka fi yi ita ce awa nawa za a yi a sama kafin a sauka Jidda. Mutum zai iya gano amsar da kansa, matuƙar ya fara da auna nisa.

Da farko a tantance filayen jirgin guda biyu, domin daga fili zuwa fili ake awo, ba daga tsakiyar gari ba. A Jidda, filin Sarki Abdul'aziz ne, wanda yake arewacin birnin. Sai a buɗe Google Maps a waya, a danna kan filin Kano a riƙe har alama ta fito, a zaɓi umarnin auna nisa, sannan a ja taswirar zuwa filin Jidda. Adadin da zai fito kusan kilomita 3,400 ne. Wanda yake da taswirar duniya mai siffar ƙwallo, irin ta makaranta, yana iya miƙe zare tsakanin biranen biyu ya ga hanyar da idonsa: ta ratsa Chadi da Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya. Na fi son wannan dabarar wajen koyar da yara, saboda shimfiɗaɗɗiyar taswira tana ɓata nisa, tunda duniya ba shimfiɗe take ba.

Daga nan a kula da ma'auni. Wasu shafukan suna bayar da nisa da mil, wanda yake kilomita 1.609, matuƙa jirgi kuma suna aiki da mil ɗin teku, mai kilomita 1.852.

Yanzu sai lissafin lokaci. Babban jirgin fasinja yakan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan ya daidaita a sama. Idan aka raba 3,400 da 850 za a samu awa 4, sai a ƙara kamar rabin awa domin tashi da sauka. Amma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure, su yi wa dattijo alƙawarin awa huɗu da rabi alhali tafiyar za ta fi haka. Jirgi yana bin hanyoyin da aka shata masa ne, iska tana iya rage masa gudu, kuma tun ɓarkewar yaƙin Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da dama suke kewaye sararin samaniyar ƙasar. Idan kuwa tikitin na ya da zango ne, to kowane zango a auna shi daban a haɗa. Kano zuwa Alƙahira kusan kilomita 3,100 ne, Alƙahira zuwa Jidda kuma kusan 1,200, jimilla 4,300 ke nan, ban da awannin jira a filin jirgi.

Saura a duba tikiti. Lokacin sauka da aka rubuta a kai da agogon Saudiyya ne, wanda yake gaban namu da awa 2. Jirgin da ya tashi Kano ƙarfe 10 na safe ya yi awa 5 a sama zai sauka ƙarfe 5 na yamma a agogon Jidda, lokacin da masu jiran kiran waya a gida suke ganin ƙarfe 3.