Kurakuran da aka fi yi wajen karanta rubutun Larabci a duwatsun kaburburan da

Wanda ya iya Larabci yakan ɗauka da ya tsaya gaban dutsen zai karance shi tas. Nan ake fara tuntuɓe. Yawancin tsofaffin duwatsun da rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, aka sassaƙa su, babu ɗigo babu wasali, sai haruffan "ba" da "ta" da "nun" da "ya" su zama haƙori guda, wato ɗan tsini iri ɗaya. Inda abin ya fi ciwo shi ne shekara: "sab'in" da "tis'in" kusan kamarsu ɗaya, kuskuren haƙori ɗaya ya ɗaga mutuwar mutum da shekara 20. Ƙirga haƙoran ɗaya bayan ɗaya, in akwai ranar mako a jiki ka gwada ta da kalanda.

Haka sunaye. Dutsen da aka samo a Masar mai ɗauke da shekara ta 31 bayan Hijira, wato 652, yana gidan tarihin fasahar Musulunci a Alƙahira. An saba karanta sunan mamacin Abdurrahman ibn Khair, amma tunda ba ɗigo, wasu masana sun karanta Jabr. Ka rubuta duk karatun da zai yiwu, kada ka zaɓi wanda ya kwanta maka.

Kada kuma ka gyara wa masassaƙi rubutu. A wannan dutsen "sanat" da buɗaɗɗiyar "ta" aka rubuta, ba a kuma sa alif a "kitab" ba. Wannan ita ce shaidar yadda ake rubutu a lokacin, mai gyarawa goge tarihi yake yi.

Wajen mayar da shekara zuwa Miladiyya, wasu sai su ɗora 622 a kan shekarar Hijira kawai. Sarki Abu Abdullahi Muhammad da dutsensa ya fito a Gao-Sane ta ƙasar Mali ya rasu a 494. Wancan lissafin zai ba ka 1116, alhali 1100 ne, don shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11.

Wannan dutsen ma a Almeriya ta Andalus aka sassaƙa shi, aka ƙetaro Sahara da shi. Saboda haka salon rubutun bai isa hujja a kan masassaƙan garin da aka tsince shi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu goga alli ko burushin ƙarfe don rubutu ya fito a hoto. Ka bari sai hantsi ko la'asar sakaliya, ko ka haska tocila daga gefe. Inuwa ce za ta fito maka da haruffan, hannunka bai taɓa dutsen ba.