Yadda za ka tsara aikin kwamfuta ga tawagar bayanan sirri bayan an sauya ofis

An kwashe kaya an kai sabon ofis, an jera tebura, kowa ya samu kujerarsa, sai oga ya ce maka to ranar Litinin yana so masu nazarin bayanai su ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. A nan aikinka yake farawa, kuma gaskiya ya fi na ranar ɗaukar kaya wuya, domin tawagar da ke tattara bayanan sirri tana tantance su ba irin sauran sassa ba ce, su in kwamfuta ɗaya ta ɓace ba kuɗinta ake ji ba, abin da ke cikinta ake ji, sunayen majiyoyi da rahotannin da ba a fitar ba da sauransu. Tsaron da kuka gina a tsohon wuri shekara da shekaru, wanda wasu ma'aikatan ma ba su san akwai shi ba, ƙaura ta kwance shi gaba ɗaya, sai an bi an sake ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka jona ko waya ɗaya, ka ƙirga kaya. Ka ɗauko jerin da aka yi kafin tashi, ka bi kowace na'ura da lambar da ke jikinta, ba wai laftof goma sun tafi laftof goma sun zo ba, a'a, lamba da lamba. Kuma manyan kaya ba su cika ɓata ba, ƙananan ne ke sulalewa, filash, hadis ɗin waje da ake bakof a kai, wato ajiye kwafin bayanai don gudun asara, ɗan makullin tsaro da ake sokawa a kwamfuta kafin a shiga, tsohuwar laftof da ta shekara a cikin durowa ba wanda ya tuna da ita. Duk abin da ka nema ka rasa ka kai rahoto ga mai kula da tsaro a ranar, kar ka ce bari mu ga ko zai fito cikin kwalayen da ba a buɗe ba, a ɗauke shi a matsayin bayanin da ya fita har sai an gan shi. Sannan ka duba ko kowane hadis a kulle yake da BitLocker ko FileVault, manhajojin da ke kulle bayanan hadis a Windows da Mac yadda ba mai karanta su sai da makulli. BitLocker yakan nemi lambar ceto mai alƙaluma 48 in ya ga wani abu ya canza a jikin na'ura, to ka tabbata lambobin nan suna inda za ka iya ɗauko su ko da sabar, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, ba ta tashi ba, domin in a cikin sabar kaɗai suke ita kuma tana cikin kwali, kun tsaya ke nan.

Ka koma tsohon ofis da ƙafarka kafin a miƙa makulli. Wannan mutane suna raina shi. Rauta da suwic, wato na'urorin da ke rarraba intanet da haɗa kwamfutoci, da aka bari a bango suna ɗauke da saitinku da kalmomin sirri, kuma manyan injinan fotokwafi da yawa suna da hadis a ciki mai ajiye hoton takardun da suka bi ta kansu. A 2013 wani kamfanin inshorar lafiya a Amurka mai suna Affinity Health Plan ya biya kimanin dala miliyan 1.2 saboda ya mayar da injinan fotokwafi na haya ba a goge hadis ɗinsu ba, bayanan mutum sama da 340,000 a ciki. In za ku rabu da na'ura, ku bi ƙa'idar NIST 800-88 ta goge bayanai, wadda hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka ta fitar, kuma ka sani SSD, wato sabon nau'in hadis marar juyawa, ba ya goguwa tas da rubutu a kai kamar tsohon hadis mai juyawa, in bayanin mai nauyi ne a farfasa shi kawai a gaban shaida a rubuta takarda.

Daga nan sai ka zauna da masu aikin kansu, ba shugabanni kaɗai ba. Ka tambayi kowa abin da yake buɗewa da safe in ya zauna, wace manhaja, wane rumbun bayanai, wa yake tura masa kaya kuma ta wace hanya. A kan kowane abu tambaya biyu ce, awa nawa za ku iya jurewa in ya tsaya, kuma aikin awa nawa za ku iya asara in aka dawo da shi daga bakof. Amsar nan ita za ta nuna maka abin da za ka fara tayarwa. Za ka ji kowa yana cewa nasa ne na gaggawa, to sai shugaban aikin ya yanke ya sa hannu, kar ka ɗora wa kanka wannan hukuncin.

Yanzu netwok, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Soket ɗin intanet da ka tarar a bango kar ka yarda da shi don kawai ya kawo wuta, ba ka san wa ya ja kebul ɗin ba, ba ka san ina ya ƙare ba, musamman in gini ne da kuke haɗa shi da wasu kamfanoni, sai ka ga kebul ɗin ɗakinku ya bi ta akwatin da maƙwabta ma suke da makullinsa. Ka bi kowane soket har inda ya ƙare, ka gwada shi, ka liƙa masa lamba a nan da can, wanda ba a amfani da shi ka kashe shi daga suwic. Kebul na Cat5e ko Cat6 iyakarsa mita 100, in ya wuce haka za ka yi ta fama da yankewa kana zargin kwamfuta alhali tsawo ne. Sannan ka raba netwok ɗin, na aikin sirri daban, na harkar ofis ta yau da kullum daban, na baƙi daban, na kayan gini irin kyamarori da na'urar sanyaya ɗaki da ƙofofin kati shi ma daban. Ba tsoro ba ne kawai, kutsen da aka yi wa kantunan Target a Amurka a 2013, wanda ya taɓa katunan banki kusan miliyan 40, ta hanyar bayanan shiga na wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyi da ɗumama aka fara shi. Sabon gini kuwa cike yake da 'yan kwangila a makonnin farko.

In kuna da kwamfutocin da ba a jona su da intanet kwata-kwata, ku ba kebul ɗinsu launi daban yadda ko baƙo ya gani zai san ba a haɗa su da sauran, domin lokacin jone-jone bayan ƙaura shi ne lokacin da wani mai son taimako zai ga waya a ƙasa ya soka ta inda bai kamata ba. Kuma a toshe ramukan USB ɗinsu. A 2008 filash ɗaya mai ƙwayar cuta da aka soka a laftof a wani sansanin sojan Amurka a Gabas ta Tsakiya shi ya kai cutar har cikin netwok ɗinsu na sirri, sai da suka hana amfani da filash na wani lokaci. Makon ƙaura kowa yana neman hanyar kwafe fayil da sauri, shi ya sa dole ka tanadar musu halastacciyar hanya tun da wuri, in ba haka ba za su nemi tasu.

Akwai wasu matsaloli da ba a ganinsu da ido. Sabon layin intanet yawanci yana zuwa da sabon adireshin IP, wato lambar da ake gane layinku da ita a intanet, kuma abokan hulɗa da masu sayar muku da bayanai da yawa sun buɗe ƙofarsu ne ga tsohon adireshinku kaɗai, sai ka ga intanet na aiki lafiya lau amma rumbun da ake dogaro da shi ya ƙi buɗewa. Ka tura musu sabon, ka kuma ce su cire tsohon, domin gobe wani za a ba shi. Haka VPN, wato kariyayyiyar hanyar shiga netwok daga nesa, haka lasisin wasu manhajoji da ke ɗaure da wata na'ura. Ka duba agogon sabar ma, a tsarin Windows na ofis in agogon kwamfuta da na sabar suka saɓa da fiye da minti 5 shiga yakan ƙi, mutum yana ta rantsuwa kalmar sirrinsa daidai ce kuma da gaskiyarsa.

Wuta da zafi ba sai na ja ba. Ɗakin sabar ana so ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Selshiyos, ka auna shi da rana tsaka da kuma ƙarshen mako lokacin da ake kashe sanyin gini. UPS kuma, wato batirin da ke riƙe na'urori in an ɗauke wuta, ka gwada shi ta hanyar yanke wuta da gangan kafin a fara aiki, ka ga minti nawa zai riƙe.

Bakof fa ka ɗauke shi da muhimmanci fiye da kullum, hadis da ya sha jijjiga a mota yana iya tashi yau ya mutu bayan sati biyu. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, 1 daga ciki a wani wuri daban. Abin dubawa shi ne wannan wuri daban ɗin, ko har yanzu yana da ma'ana bayan kun tashi, kuma ko bakof na dare yana tafiya ko yana ta neman sabar a tsohon adireshi. Kar ka tsaya ga alamar da ta ce an gama, ka ɗauko fayil na gaske ka dawo da shi ka buɗe shi a gaban mai shi.

Ka zaga ɗakin ma da idon baƙo. Ka tsaya a bakin ƙofa, ka tsaya a wajen taga, allon wa kake iya karantawa? A juya tebur ko a sa labule. Firintar da ke fitar da rahotanni kar ta zauna a hanyar wucewa. A san wa ke da katin shiga, masu shara da masu gyara su shiga da rakiya.

Shi kansa tallafin, wato wa za a kira in abu ya lalace, ka sa masa hanya ɗaya tak, lamba ɗaya ko akwati ɗaya, kuma a rubuta kowace matsala. Ka gaya musu ƙarara ba a ɗaukar hoton allo da waya a tura maka ta WhatsApp don a nuna maka matsala, ni a ganina wannan ɗabi'ar ta fi kutse da yawa haɗari a irin wannan aikin. Injiniyan waje ba ya shiga kwamfutar aikin sirri daga nesa sai da izini a rubuce da wani a zaune yana kallo. A sati biyun farko a samu mutum ɗaya daga cikinku yana nan a ɗakin da ƙafarsa. Ka kuma ja musu kunne kan saƙonnin bogi masu cewa danna nan ka saita wayifai na sabon ofis, masu damfara suna son lokacin da kowa ke jiran sabon umarni.

Kar ka haɗa ƙaura da sabunta manhajoji a mako ɗaya, in abu ya lalace ba za ka san wanne ne sila ba. In akwai kwamfutocin da ke kan Windows 10, wanda Microsoft ta daina tallafa masa a 14 ga Oktoba 2025, ka rubuta su ka sa musu rana bayan ƙura ta lafa.

Duk izinin wucin gadi da ka bayar saboda ƙaura, asusun ɗan kwangila, ƙofar da ka buɗe don gwaji a fayawol, wato shingen da ke tace shiga da fita a netwok, kalmar sirrin admin, wato asusun mai cikakken iko, da mutum uku suka sani, ka rubuta kowanne da ranar rufe shi tun lokacin da kake bayarwa. Bayan wata ɗaya ku zauna kai da mai kula da tsaro ku bi takardar layi-layi kuna rufewa, a canza kalmomin sirrin admin gaba ɗaya, a sabunta zanen netwok da jerin kaya su dace da sabon ginin, a ajiye kwafi ɗaya na takarda a cikin sef.