Yadda Za Ki Tsara Lafiyarki Daga Asuba Zuwa Kwanciya

Yawancin matan da ke zuwa wurina koyon motsa jiki da ƙorafi ɗaya suke zuwa: wata tumbi, wata ciwon baya, wata kuma likita ne ya tsorata ta da maganar hawan jini. Kowacce so take a nuna mata motsi guda da zai kashe matsalar. Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne ƙarfe nawa kike kwanciya, dunƙulen magi nawa kike jefawa a miya, awa nawa kike yi a kan keken ɗinki ba ki miƙe ba. Wadda ba ta samu barci ba ita ce ke neman shayi mai zaƙi da hantsi, ita ce kuma ƙafarta ke yin nauyi idan lokacin tattaki ya yi. Shi ya sa nake tsara wa mace yininta gaba ɗaya, kuma ina rataya tsarin a kan lokutan salla, tunda dama da su muke raba yini a gidajenmu.

Kafin ki fara komai, 'yar'uwa, ki san inda kike. Ki je asibiti ko kemis a auna miki hawan jini. Idan ya kai 140/90 a awo biyu na ranaku daban-daban, wannan maganar likita ce. In kuwa ya haura 180/120, musamman da ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji, a ranar za ki tafi asibiti. Awon ƙugu kuma a ɗaki za ki yi shi. Ki sami zare ko igiya, ki yanke daidai tsayinki daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ki ninka biyu, ki zagaya da shi ƙugu, ɗan sama da cibiya, ba tare da kin shanye ciki ba. Idan bakin zaren biyu sun haɗu, madalla. Idan ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne kitsen da ya fi alaƙa da ciwon suga da ciwon zuciya. Ki ajiye zaren nan, za ki riƙa gwada shi duk wata. Ya fi sikeli faɗa miki gaskiya.

Miƙe-miƙen da nake koyarwa da safe, da yawansu daga yoga aka ɗauko su, kuma ba na ɓoye wa kowa. Yoga daga Indiya ta fito, tana da tsohon tarihi a addinin Hindu, har akwai jerin motsin da asalinsa gaisuwa ce ga rana, da kalmomin da ake rerawa. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga. Malaman ƙasashen Musulmi ma sun tattauna batun: majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yin ta a 2008, majalisar malamai ta Indunisiya kuma a 2009 ta haramta wadda ta ƙunshi ibadar Hindu, ta bar wadda take motsa jiki zalla. Ni miƙar gaɓoɓi da sarrafa numfashi kawai nake ɗauka, babu rerawa, babu gaisuwar rana. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, ta tambayi malaminta kafin ta fara, hakan ya fi.

Bayan sallar asuba, kada ki koma gado kai tsaye. Minti goma nake nema. Shimfiɗa tabarma, ki ɗora bargo idan gwiwarki na ciwo. Ki durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, tafin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa. Shaƙi numfashi ta hanci, ki saki ciki ya yi ƙasa, ki ɗan ɗaga kai. Sannan ki fitar da numfashin a hankali, ki tura tsakiyar baya sama, haɓa ta nufi ƙirji, kamar kyanwar da ta tashi daga barci. Sau takwas. Masu ɗinki, a nan za ku ji wurin nan na tsakanin kafaɗu da ya daɗe a ƙage yana warwarewa. Daga nan ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ki matse ɗuwawu ki ɗaga ƙugu har cinya da ciki su miƙe, ki ƙirga biyar, ki sauke a hankali. Sau goma. Wannan motsin ne na fi so ga mai ciwon ƙugu, domin yana farkar da naman da dogon zama ya kashe wa ƙarfi. Ki rufe da zama, hannu ɗaya a ciki: shaƙa kina ƙirga huɗu, fitarwa kina ƙirga shida, na minti biyu. Tsawaita fitar da numfashi yana kwantar da bugun zuciya.

Jan jijiya kaɗan ba laifi, amma zafi mai suka ko mai sauka ƙafa alama ce ta ki tsaya. Mai hawan jini kada ta riƙe numfashi, kada kuma ta yi motsin da kai ke komawa ƙasa da ƙirji na dogon lokaci. Mai juna biyu da wadda aka yi wa tiyatar haihuwa kwanan nan su nemi izinin likita tukuna.

Tattaki kuma bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 30 sau biyar ke nan. Saurin da ake so shi ne wanda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Wadda ba ta fita ta zagaya tsakar gida, ko da minti goma-goma ne bayan kowane cin abinci, kuma wannan na taimaka wa mai suga ƙwarai. Aikin tsoka ba sai da ƙarfe ba: tashi ki zauna a kujera sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, sai ki dafa bango ki tura jikinki sau goma, ki huta, ki maimaita. Litinin da Alhamis sun isa.

Abinci ne inda mata ke fara jayayya da ni, ni kuma ba na hana tuwo. Malmala ɗaya maimakon biyu, miyar zogale ko rama ko kuɓewa ta fi yawa a kwano, wake ya shigo sau biyu ko uku a mako. Gishirin da ake so kada a wuce a yini bai kai giram 5 ba, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi, domin dunƙulen nan gishiri ya fi yawa a cikinsa. Ki rage ɗaya wannan makon, ki ƙara daddawa da tafarnuwa da citta, maigida ma da wuya ya lura. Lemon kwalba ya zama na ranar biki. Zoɓo da kunun aya na gida ma ki lura da sukarin da kike zubawa.

Barci awa bakwai ne mafi ƙaranci ga babba. Mai tashi ƙarfe biyar, lissafin a bayyane yake: ƙarfe goma ta same ki a kwance, waya tana can nesa da matashi. Idan dare bai isa ba, ƙailula ta minti ashirin bayan azahar tana rage giɓi.

Saura maganar mai bibiya. Aikina na koci mafi yawansa tambaya ce da tunatarwa, kuma maƙwabciya ko ƙanwa mai tsayayyar magana za ta iya yi miki shi. Ku sayi ƙaramin littafi, duk Juma'a ku zauna ku duba: kwana nawa aka yi miƙa, kwana nawa aka yi tattaki, me awon jini ya nuna. Sauyi ɗaya tak za ki ɗauka a mako, sai ya zauna ki ƙara wani. Idan kuma koci za ki biya, ki saurari tambayoyinta na ranar farko. Wadda ba ta tambayi magungunan da kike sha ba, ko ta fara da tallar shayin rage ƙiba, ko ta yi alkawarin kilo goma a mako biyu, ki riƙe kuɗinki. Ragin da jiki ke ɗauka lafiya rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a mako. Duk wanda ya ce ki ajiye maganin hawan jini ko na suga don kin fara motsa jiki, kada ki saurare shi. Idan awonki ya sauka, ki kai wa likita littafin nan, shi ne zai duba ya ce a rage ko a bari.