Yadda na hana kifayena yagar wutsiyar juna

Da na haɗa tankin gilashi mai lita 60 a falo, kyau kawai na bi wajen zaɓen kifi: gupi (ƙananan kifaye masu doguwar wutsiya) shida, taiga bab (kifaye masu zane irin na damisa) biyu, da kifin zinariya ɗaya. Ba a yi kwana goma ba sai ga wutsiyoyin gupin duk a yayyage, biyu suna laɓewa bayan ciyawa, ko abinci ba sa fitowa ci. Abin ya dame ni ƙwarai. Na ɗauka cuta ce, har na canja ruwa sau biyu.

Wata safiya na zauna ina kallonsu shiru, sai na ga taiga bab ɗin suna bin gupi suna tsinkar wutsiyarsu. Ashe halinsu ne. Kifin garke ne daga yankin Indonesiya, in ba su kai shida ba sai su huce a kan mai doguwar wutsiya. Tankina ba zai ɗauki garkensu da gupi ba, don haka na mayar wa mai sayarwa da taiga bab ɗin.

Kifin zinariyar ma ba wurinsa ba ne. Ruwa mai ɗan sanyi yake so, ga yawan kashi, alhali gupi sun fi sakewa a wajen digiri 25. Na ba maƙwabcina mai babban tanki.

Maimakonsu na kawo koridoras shida, masu kiwo a ƙasan tanki ba sa faɗa, amma sai da suka yi mako biyu a wani mazubi daban kafin na haɗa su da gupin, don kada su kawo cuta. Cikin wata guda wutsiyoyin gupin suka fara tofowa.