Yadda ake buga tutar ƙasa a kayan sayarwa ba tare da rigima ba

Da farko duba dokar ƙasar da za ka buga tutarta, kar ka ce ai tuta ta kowa ce. A Amurka dokar tuta ta 1942 ta ce kar a yi talla da ita amma ba a kama kowa a kai, a Indiya kuwa wulaƙanta tuta yana iya kai mutum gidan yari har shekara 3 a dokarsu ta 1971. Kuma kar ka ɓata kuɗinka wai za ka yi rajistar tambarin kasuwanci da tutar ƙasa, Yarjejeniyar Paris ta ƙasa da ƙasa kan tamburan kasuwanci da makamantansu ta hana.

Sai ka zaɓi kayan. Ni dai duk abin da ake takawa ko a yar a shara bayan an gama da shi, takalmi, safa, leda, ba na sa masa tuta. Ta Saudiyya ma kar ka fara, kalmar shahada ce a jiki. A 1994 McDonald's sun buga ta a jakar abinci lokacin gasar cin kofin duniya, sai da suka janye.

To ga inda sababbin shiga ke faɗuwa: juyin hoto. Takardar da ake mannawa a farar riga da injin zafi sai ka juya hoton a kwamfuta kafin ka buga, idan ka manta, hagu ta koma dama. Da rubutu ne nan take za ka gane, amma tuta ba ta nunawa, ka buga riguna jibgi kana murna ashe ta Kodebuwa ta koma ta Ayilan, duk launi uku ne iri ɗaya, jerin ne ya bambanta. Ta Poland idan ka kifa ta, ta Indunusiya ce. Ta Filifin kuwa ja ya koma sama yana nufin ana yaƙi. Saboda haka buga ɗaya tak, ka ajiye ta kusa da hoton da ke shafin gwamnatin ƙasar, ka duba jerin launukan daga gefen da ake ɗaura tuta a sanda. Asarar riga guda ba komai ba ce.

Launi kuma kar ka yarda da fuskar waya, gwada a yadin. Kar ka rubuta sunan shagonka ko lambar waya a kan tutar, sa shi can ƙasa. Waɗanda suka lalace a bugu kar ka mai da su tsumman goge injin.