Asha na farko ko na biyu? Yadda za ka zaɓi lokacin cin abinci a jirgin ruwa in agogo zai canza a hanya

Tun da jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa suka fara tashi daga tashar Jidda mutanenmu sun shiga abin sosai, musamman lokacin hutun makarantar yara. Kamfanin MSC ne suka zo da jirginsu Bellissima a 2021, daga baya a watan Disamba na 2024 jirgin Aroya ya fito, shi kuma na Saudiyya ne. Yanzu har akwai masu hawa jirgin sama su je Dubai ko Istanbul ko Italiya su kama wani jirgin daga can. To a yawancin manyan jiragen nan in ka zo yankan tikiti akwai wata tambaya da ake jefo maka can ƙarshe, lokacin ka riga ka gaji da cike-cike: asha, wato abincin dare, na farko kake so ko na biyu? Mutane da yawa dannawa kawai suke su wuce, alhali abin nan kullum dare sai ya same ka har a gama tafiyar.

Dalilin tambayar shi ne babban ɗakin cin abinci ba ya ɗaukar kowa a lokaci guda, jirgi ne mai mutum dubu uku dubu huɗu, sai a raba jama'a biyu. Zaman farko yawanci wajen 6:00 zuwa 6:30 na yamma, na biyu kuma daga 8:30 zuwa 9:00, a wasu jiragen Turai har ya ɗan gota haka. Tebur ɗinka ɗaya ne, mai kawo maka abinci ɗaya ne. Kuma ba irin cin shawarmar bakin titi ba ne, kwano-kwano ake kawowa, sai ka yi awa ɗaya da rabi ko biyu a zaune.

Abin da nake so ka riƙe shi ne lambar da ke jikin takarda ta agogon jirgi ce, shi kuwa cikinka yana nan kan agogon gida, sai ya yi kwanaki kafin ya yarda an canza. Don haka kafin ka danna komai, buɗe taswirar tafiyar ka duba: gabas jirgin ya nufa ko yamma? In gabas ne ɗauki na biyu. In yamma ne na farko ya fi sauƙi. Bari in nuna maka lissafin, don ba na son ka karɓa haka kawai.

Saudiyya ba ta taɓa agogonta rani da sanyi, yadda yake haka yake. Kuwait, Bahrain da Qatar duk lokacinmu ɗaya. Amma Dubai, Abu Dhabi da Oman suna gabanmu da awa ɗaya. Ke nan in ka hau jirgi a Dubai aka ce asha 6:00, a cikinka 5:00 ce ta Jidda, kai da ka saba sai an yi isha an huta, wajen goma ma, sannan a shimfiɗa ledar cin abinci. Kamar a ce maka zo ka ci tuwon dare ana sallame la'asar ne fa. Za ka zauna ka tsattsakura, ka mayar musu da rabi, sannan sha ɗaya na dare yunwa ta tashe ka kana yawo saman jirgi kana neman biredi. Na 9:00 kuwa 8:00 ce a wurinka, daidai.

Yamma kuma abin juyawa yake. Masar tana bayanmu da awa ɗaya lokacin sanyi, amma tun 2023 sun dawo da agogon bazara, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da su. Jodan tun 2022 suka tsaya kan lokaci irin namu duk shekara, Turkiyya ma haka tun 2016, saboda haka mai zuwa Aƙaba ko Istanbul ba shi da mushkila ta wannan ɓangaren. Girka lokacin bazara ɗaya muke, lokacin sanyi suna baya da awa ɗaya. Inda abin yake ciwo shi ne Italiya, Faransa da Sifen: awa ɗaya a bazara, awa biyu cur a sanyi. Ashan 9:00 a can lokacin sanyi sha ɗaya ce ta Jidda, kafin a kawo kayan zaƙi an doshi ɗaya na dare a jikinka. Babba ɗan Jidda zai iya jurewa, mu da dare ne ranarmu. Yaro ɗan shekara biyar kam za ka gan shi ya kifa kai a gefen faranti, cokali a hannu, uwar tana girgiza shi tana cewa ko loma uku ka yi. Na 6:30 a can shi ne 8:30 na gida, kowa ido biyu, kowa da yunwarsa.

Sai kuma baƙi, wannan mutane na mantawa. In ka gayyato Hajiya ko Baba daga Kano ko Damagaram, sun yi Umra za ku wuce jirgi tare, ka tuna Najeriya da Nijar suna bayan Saudiyya da awa biyu, Sudan da awa ɗaya. Su tun saukarsu Jidda sun riga sun yi tafiyar gabas. In sun yi sati biyu a Makka da Madina jiki ya saba, ba magana. In kuwa jiya-jiya suka sauka, 6:00 ta jirgi 4:00 ce a wurinsu, kuma tsoho ba zai ce maka ba ya jin yunwa ba, kunya zai ji ya yi ta juya cokali. Ka yi musu lissafin da kanka kar ka jira su faɗa.

Yanzu maganar da a wurina ta fi agogon ma nauyi: magariba. Turawan da suka tsara waɗannan lokuta ba su sa ta a lissafi ba, kai za ka sa. A Jidda lokacin sanyi ana kiran magariba wajen 5:40, ka ga mai zaman 6:00 zai iya yin sallarsa a gurguje ya sauko. Lokacin zafi kuwa sai bayan 7:00, wato tana faɗowa ne tsakiyar zaman farko, an kawo miya an ɗauke, nama na hanya, kai kuma kana ta duban taga. A Sharm El Sheikh a Disamba rana kan faɗi tun kafin biyar ta can, duk zaman da ka ɗauka ka tsira. Amma ka je Barcelona a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan 9:30 na dare, Rum ta Italiya wajen 8:45, to a nan zama na biyu ne ke karo da salla, na farko kuwa ka ci ka ƙoshi ka sha shayi rana na nan tsaye. Ka ga ya ƙara ƙarfafa abin da na ce, tafiyar yamma a bazara na farko ne naka.

Kar ka dogara da manhajar salla ta waya a tsakiyar teku, tana iya riƙe garin da kuka baro jiya. Takardar shirin rana da ake sa maka a ɗaki ko a manhajar jirgin, yawanci akwai fitowar rana da faɗuwarta a jiki, da ita za ka yi aiki. Batun haɗa magariba da isha kuma ka tambayi malaminka tun kana gida, don mu da muka tashi a Malikiyya akwai maganar cewa rangwamen haɗa salla na tafiyar tudu ne ban da ta ruwa, wasu mazhabobin ba su bambanta ba. Ba a tebur za ku fara wannan muhawara da surukinka ba. Mai azumi shi ma da ranar inda jirgi yake zai sha ruwa, ba da kiran sallar Harami da yake gani a talabijin ba.

Wani abu da ke rikita mutane: agogon jirgi daban, agogon gari daban, kuma kyaftin ne ke da ikon cewa a canza ko kar a canza. Wani jirgin zai tsaya a garin da ke da bambancin awa ɗaya amma ya ƙi taɓa agogonsa, wani kuma ya canza. In za a canza ana sanarwa tun daren, sau da yawa ka tarar da ɗan kati a kan gado ko a rubuce a shirin gobe, a ce kafin ka kwanta ka tura agogo gaba ko ka dawo da shi baya, canjin kan kama ne can tsakar dare wajen biyu. Lokacin asha, lokacin wasan dare, lokacin da ake rufe ƙofar jirgi a tasha, duk da agogon jirgi ake yi. Ita kuwa waya sai ta kama layin garin da ke kusa ta canza kanta ba sallama, wani lokaci ma ta kama layin tauraron jirgin ta nuna maka wani lokaci da ba na kowa ba. Maganin mai sauƙi ne, ranar da ka hau ka shiga saitin waya ka kashe canza lokaci da kanta, ka riƙa saitawa da hannu. Ko ka ɗaura Casio ɗin nan mai araha na kasuwar Balad ta Jidda, shi ba ya jin maganar kowa. Rasa asha ƙaramin abu ne, rasa jirgi a tashar Safaga ta Masar saboda awa ɗaya shi ne babban.

Tunda na ambaci Safaga, duba ranakun tsayawa a tasha kafin ka yanke. Daga Safaga zuwa Luxor tafiyar sama da awa uku ce a mota, zuwa kawai. Daga Aƙaba zuwa Petra wajen awa biyu, ga tafiyar ƙafa cikin duwatsu da za ta cinye maka gwiwa. Daga Sokhna zuwa Alƙahira ma ba kusa ba ne in aka haɗa da cunkoso. Irin wannan rana bas ɗin yawo zai ajiye ku bakin jirgi da yamma liƙis, ƙura har gira, ga layin shiga ana duba kati ana sa jaka a na'ura, kana isa ɗaki shida ta wuce, ba ka yi wanka ba, ba ka yi salla ba. Wasu jiragen kuma in ka makara da kamar kwata ɗaya a zamanka sai su ce ka yi haƙuri. Saboda haka in tafiyarka ta Bahar Maliya ce mai irin waɗannan dogayen fita, ko da yamma kuka nufa, awa ɗayan nan ta Masar ba ta kai ta sa ka ɗauki na farko ba. Ɗauki na biyu, ka ba yara wani abu su taɓa da la'asar, kalas.

Akwai zaɓi na uku, wanda ba a ɗaure ka da lokaci, ka zo sanda ka ga dama cikin awoyin da ɗakin ke buɗe. Kamfanin Royal Caribbean na ce masa My Time Dining, MSC na da My Choice amma ba kowane tikiti ke da shi ba, Norwegian kuwa duk tsarinsu ma haka yake. In tafiyar mai canza agogo sau da yawa ce, misali jirgin da ke ƙaura daga Turai zuwa Dubai, wannan yana da daɗi don kullum za ka bi cikinka. Sai dai ni ina da ja a kai. A jirgin da ba na Musulmi ba, samun mai hidima ɗaya kullum ni'ima ce: daren farko ka gaya masa ba naman alade, ba abin da aka dafa da giya, ya riƙe, gobe kafin ka buɗe baki ya nuna maka kifin da ya dace da wanda za ka kauce wa. In kana canza tebur kullum, kullum sai ka sake wannan bayani ga sabon mutum, ga layi a ƙofa wajen bakwai da rabi lokacin da kowa ke so. A Aroya wannan damuwa ba ta taso ba tunda abincin halal ne kuma ba giya. Bufe kuma, inda kake ɗibar abinci da kanka, yana nan a kowane jirgi, shi ne mafakar ranar da lissafi ya ƙi.

Masu ciwon suga da hawan jini, musamman mai allurar insulin, ku nuna wa likita jadawalin tafiyar kafin ku tashi, ku gaya masa awa nawa za a matsa da lokacin da za ku riƙa cin abinci. Mai fama da ƙwannafi kuma ya san kansa, ya ƙoshi ƙarfe sha ɗaya ya kwanta a gado mai lilo ba zai ji daɗi ba, shi na farko ya fi masa ko ina aka nufa.

In kuma ka riga ka zaɓa yanzu ka ga ba daidai ba ne, kira wakilin da ya yankar maka tikiti tun yanzu a canza, kyauta ne yawanci, abin dai a samu wuri. In bai yiwu ba, ranar hawa kar ka tsaya ɗaukar hoto, duba katin ɗakinka, a jirage da yawa an buga zamanka da lambar tebur a jiki. Ka tambayi inda shugaban ɗakin cin abinci ke zama da rana, yana da awoyin da yake karɓar masu neman canji, ka je da wuri da lambobin ɗakunan duk waɗanda kuke tare don kar a raba ku, Hajiya a zaman farko jikoki a na biyu. In ya ce ya cika ka ce ya rubuta ka a layin jira, ka sake leƙawa washegari, bayan daren farko mutane da yawa ke sauya ra'ayi sai tebura su buɗe.