Darasi na 9: Tashar Jirgi a Kan Kantar Bango

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tashar jirgin ƙasa, a Kano ko Zariya ko Kafanchan, ya ga wani aiki da ake yi kafin jirgin kaya ya tashi. Kan jirgi ya yi gaba, ya yi baya. Ya ɗauki tarago biyu a wannan layi ya kai wancan, ya dawo ya ɗauki ɗaya. Mai kallo sai ya ce direba ya rasa abin yi ne. Alhali jera taragu yake yi, yadda kowanne zai yi sauƙin ajiyewa a tasharsa. Ma'aikatan reluwe suna kiran wannan aiki shantin.

A Ingila da Amurka akwai magidanta da suke yin wannan aiki a cikin ɗaki, da ɗan ƙaramin jirgi mai tafiya da lantarki. Wanda ɗakinsa ba fili sai ya kafa tasharsa a kan kanta, jikin bango. Yau za mu koyi yadda ake haɗa irin wannan tasha. A ciki akwai karatu, akwai awo, akwai lissafi.

Girman jirgin

Jiragen nan ba da ka ake ƙera su ba. Akwai wanda ake kira HO: an rage jirgin gaske sau 87. Akwai OO, wanda 'yan Ingila suka fi so: an rage sau 76. Su biyun suna hawa dogo iri ɗaya, mai faɗin milimita 16.5. Akwai kuma N, an rage sau 160, faɗin dogonsa milimita 9. N yana da kyau, amma wanda idonsa ya fara gajiya ya bar wa yara. Mu ɗauki OO ko HO.

Tsarin da za mu bi

Wani mutumin Ingila, Alan Wright, shi ya fito da tsarin da ake kira Inglenook. Layi ɗaya ne ya taho, ya rabu gida uku, kamar reshen bishiya. Layin da ya taho, mu kira shi wuya. Inda layi ya rabu biyu, mu kira shi mararraba. Mararraba biyu kawai ake bukata. Ta farko tana ba da dogon layi. Ta biyu tana ba da gajeru biyu.

Ga ƙa'idar, ku karanta ta da ƙarfi: dogon layi ya ci tarago 5. Gajeren layi na farko ya ci 3. Na biyu ya ci 3. Wuya ya ci kan jirgi da tarago 3, kada ya wuce haka. Taragun duka 8 ne. Wasan shi ne a jera 5 daga cikinsu a dogon layi, bisa jerin da aka zaɓa.

Akwai wani tsarin kuma, Timesaver, na John Allen ɗan Amurka, wanda ya bayyana a 1972. Mararrabarsa ta fi yawa, kuɗinsa ma haka. Ba da shi ake fara koyo ba.

Kafin ku sayi komai

Kayan nan daga waje suke zuwa, suna da tsada. Saboda haka a fara da alli. Zana layukan nan a daɓe. Samo kwalin ashana 8, ka rubuta lamba 1 zuwa 8 a jikinsu. Kwalin sabulu ya zama kan jirgi. Tura su da hannu kwana biyu. In abin ya shiga ranka, sai ka nemi kafinta.

Katako da awo

A yanko filawud mai tsawon ƙafa 4, faɗi ƙafa 1. Wato wajen santimita 120 da 30. Wannan ya isa gajerun taragun Ingila. Taragun Amurka na HO sun fi tsawo, kowanne wajen santimita 15, su sai katako ya kai kusan ƙafa 6. A buga wa filawud ɗin firam ta ƙasa don kada ya lanƙwashe. A kafa shi a bango da ƙarfen tallafi uku, daidai ƙirjin mai zama a kujera.

Kanta ta zauna daidai. Ɗora tarago ɗaya a kan guntun dogo ka sake shi. In ya gangara da kansa, kantar ta karkace, a gyara tun yanzu.

To, ga inda aikin yake. Kada ka auna layi da ido, kada ma ka dogara da tef kaɗai. Da taragun za ka auna. Haɗa guda 5 da ƙugiyoyinsu, ka ɗora a kan dogo, ka yi alama da fensir. A ce tarago ɗaya da ƙugiyarsa santimita 9 ne. Biyar sun zama 45. Uku sun zama 27. In kan jirgi santimita 12 ne, wuya zai zama 12 a tara da 27, wato 39. Ƙara santimita 2 na numfashi.

Ba daga bakin mararraba ake fara ƙirga tsawon layi ba. A nan layukan biyu suna kusa da juna, taragon da ya tsaya a wurin zai gogi mai wucewa. Tsayar da tarago ɗaya, ka tura wani ta layin maƙwabcinsa. Matsar da na tsayen har sai sun daina taɓa juna. Daga nan awo ya fara.

Ni da na haɗa tawa, na ga katako ya rage, sai na ce bari in ƙara wa wuya tsawo, ai alheri ne. Wuya ya koma cin tarago 5. Ashe na kashe wasan. Ko wane jeri aka ba ni, nan da nan na gama, babu abin tunani. Sai da na buga ɗan katako a kan layin na mayar da shi 3. Matsin wurin shi ne daɗin abin.

Shimfiɗa dogo da wuta

Fara da mararraba biyun, sauran layuka su biyo su. Kafe dogo da 'yan siraran ƙusoshi, kada ka danne su har dogon ya lotsa. Shafa yatsa a kan kowace mahaɗa. In yatsa ya ji tudu, ƙafar tarago ma za ta ji. A ƙarshen kowane layi a manna ɗan katako. Kan jirgin da ya faɗo daga kanta zuwa siminti ba ya tashi.

Jirgin yana shan wuta ta cikin dogo, bolt 12 kawai. Akwai akwatin da ke rage wutar gida, yana da abin murɗawa na gudu da maɓallin gaba da baya. Waya biyu ke fita daga cikinsa: ɗaya ta tafi dogon dama, ɗaya ta hagu. A jona su a wuya, kafin mararrabar farko. Kada a kuskura a jona dogo da wutar bango kai tsaye.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba, balle da hunturu. Jirgi ya riƙa tsayawa yana tafiya, to dogo ya yi datti. Goge shi da tsumma mai ɗan sifirit. Ban da sanfefa, tana karce ƙarfen. In an gama a rufe kantar da zane.

Yadda ake wasan

Yanka kati 8, kowanne da lambar tarago ɗaya. Watsa taragu a layukan uku. Zuba katin a hula, ka girgiza, ka zaro 5. A ce 6, 2, 8, 1, 4 suka fito. Haka za ka jera su a dogon layi, bi da bi, da kan jirgi kaɗai. Hannu ba ya ɗaga tarago. Aikin hannu juya mararraba da kwance ƙugiya da ɗan tsinke. A tafi a hankali, kamar tafiyar mutum.

Kada ku ji tsoron wasan zai ƙare. Katin farko yana iya zama ɗaya cikin 8, na biyu ɗaya cikin 7, haka har na biyar. 8 sau 7 sau 6 sau 5 sau 4 ya ba da jeri 6,720 daban-daban.

Aikin gida

Malam Audu yana da taragu masu santimita 15, kan jirginsa santimita 17. Nawa ne tsawon dogon layinsa? Nawa ne tsawon wuya? Rubuta amsa a littafinka. Ranar darasi na gaba kowa ya zo da kwalin ashana 8, da lamba a jikinsu.